Ciwon huhun da ke kashe tumakin dutse a Amurka

Tumakin dutse masu manyan ƙahoni, waɗanda ake kira bighorn, suna zaune ne a tsaunukan yammacin nahiyar Arewacin Amurka, daga Kanada har Meziko. Babbar barazana gare su ita ce ciwon huhu da suke kamuwa da shi daga tumaki da awakin gida.

Masana sun fi ɗora alhakin a kan ƙwayar cutar Mycoplasma ovipneumoniae. Tunkiyar gida kan ɗauke ta a hanci tana kiwonta lafiya lau, amma ta dutse ba ta iya jure mata. Haɗuwa ɗaya a makiyaya kan isa cutar ta shiga garke, ta kashe manya da ƙanana. Mafi muni, wasu da suka tsira sukan ci gaba da ɗauke da ƙwayar, 'ya'yansu su yi ta mutuwa shekara da shekaru.

Har yanzu babu ingantaccen rigakafi, sai dai raba dabbobin. A 2010 hukumar kula da dazuzzukan Amurka ta rage filin kiwon tumakin gida a dajin Payette na jihar Idaho da kusan kashi 70 cikin 100. Masu kiwo sun garzaya kotu, amma ba su yi nasara ba.