Kifin zinariya a cikin gida: a kula da ruwa kafin a kula da kifi

Yau za mu yi bayani kan kifin zinariya, ɗan kifin nan mai launin ja da ruwan goro da ake ajewa a akwatin gilashi don ƙawata ɗaki. Da yawa ana saya wa yara shi, a zuba shi a ƙaramar kwalba, bayan sati biyu ko uku a wayi gari ya mutu, yaro na kuka, a ce ai dama kifin ba ya daɗewa. Alhali idan ya samu kulawa yana kai shekara 10 zuwa 15, wani ma ya wuce 20. Galibi ruwan da yake ciki ne ke kashe shi.

Asalinsa

Daga ƙasar Sin ya fito, inda aka fara kiwonsa sama da shekara 1,000 da suka wuce. Kakanninsa kifayen tafki ne masu launin toka, masu kiwo suka yi ta zaɓen masu launi har aka samu irin na yau. Wanda ake sayarwa kamar ɗan yatsa jariri ne. Idan ya girma yana kai santimita 15 zuwa 20, mai dogon jiki har 30.

Mazauninsa

Kwalba mai ƙaramin baki ba ta isarsa. Kifi ɗaya na bukatar kamar lita 75, wato bido uku masu lita 25, kuma duk wanda aka ƙara a ƙara masa kamar lita 40. Akwati mai faɗi ya fi mai tsawo, domin ta saman ruwa iska ke shiga. A aje shi nesa da taga da rana, a kashe masa fitila da dare, don ba shi da fatar ido, duhu ne hutunsa.

Dattin da ido ba ya gani

Wannan kifi akwai ci, akwai kuma kashi. Daga jikinsa da kashinsa da ragowar abinci wani guba ke fitowa mai suna amoniya. Ruwa na iya zama garau amma gubar na ciki tana ƙona shi. Shi ya sa na'urar tace ruwa ta zama dole. A cikin sosonta wasu ƙwayoyin bakteriya masu amfani ke zama, suna juya amoniya zuwa nitirit, shi ma guba ne, sannan su juya shi zuwa nitirat mai sauƙin illa. Kafin su yawaita ana ɗaukar sati 4 zuwa 6, don haka kada a cika sabon akwati da kifaye lokaci guda.

Kowane sati a kwashe kwata ɗaya na ruwan a zuba sabo. Kada a zubar da shi duka, kada a wanke akwati da sabulu ko omo. Soson na'urar kuwa a ɗauraye shi cikin tsohon ruwan da aka kwashe, domin ruwan famfo yana kashe ƙwayoyin nan. Sinadarin kulorin da ake sa wa ruwan famfo don lafiyarmu yana cutar da kifi. A tara ruwan a bokiti buɗe ya kwana ya yini, ko a ɗiga masa maganin cire kulorin da masu sayar da kifin ke da shi.

Zafi da ɗaukewar kuran

Nan ne mu ƴan wannan yanki ya kamata mu buɗe kunne. Kifin zinariya na ruwan sanyi ne, ya fi jin daɗi tsakanin digiri 18 zuwa 23. Mu kuwa a watannin Afrilu da Mayu zafi na wuce digiri 40 a Yamai da Tawa da Maraɗi da Damagaram. Ruwa in ya yi zafi iskar oksijin da ke cikinsa tana raguwa, a daidai lokacin da jikin kifin ya fi bukatarta. In kuka ga ya taso sama yana buɗe baki, to numfashi yake nema.

A sa akwatin a ɗakin da ya fi sanyi, a buɗe murfinsa, a juya fanka tana busa saman ruwan. Ana iya sa kwalbar ƙanƙara a rufe ta yi iyo a ciki, amma a hankali, don sanyin farat ɗaya ma yana illa. Idan aka ɗauke kuran, na'ura ta tsaya, a riƙa ɗibar ruwan da kofi ana zubo shi daga sama, a kuma dakatar da abinci har wuta ta dawo. Ƙaramin famfon iska mai batir yana ceton rai a irin wannan rana.

Abinci

Sau ɗaya ko biyu a rana, gwargwadon abin da zai cinye cikin minti biyu. Abincin kifi na kanti shi ne tushe, jefi-jefi a ba shi ɗan ganyen salati ko alayyafo da aka sulala. Burodi da tuwo suna ɓata ruwa. A tsayar da mutum ɗaya a gida mai ba shi, don in kowane yaro ya wuce ya zuba, kifin ba zai ƙi ba, ruwan ne zai lalace.

Alamun ciwo

Fararen ɗigo kamar gishiri a jiki, kwanciya a ƙasa, naɗe fikafikai, ƙin cin abinci. Matakin farko a canza wani ɓangare na ruwan, sannan a nemi shawarar likitan dabbobi. Wanda kuma ya gaji da kiwon, ya ba wani mai so, kada ya sake shi a tafki ko gulbi, domin yana hayayyafa ya takura wa kifayen wurin.

Kafin a saya, a duba ko akwai wurin, da ruwan, da mai kula da shi a lokacin bazara. Rai ne, kuma amana ce a hannun wanda ya kawo shi gida.