Daga mutum-mutumi zuwa ƴar fitila mai ƙyaftawa

A Hausa, in aka maimaita kalma, sau da yawa ana nufin abu ya yi kama da wani amma bai kai shi ba: ja-ja, ruwa-ruwa, mutum-mutumi. Wannan na ƙarshen shi ne tsohon mai gadin ƙarya na ƙasarmu. Tun kaka da kakanni manoman gero da dawa na bakin Komadugu ke kafa sanda a gona, su sa mata tsohuwar riga, su ɗaura gwangwanaye a igiya, don korar jan baki, tsuntsun da ya addabi yankin tafkin Cadi. Manomi ya san in ya bar shi wuri guda tsuntsaye za su saba da shi, shi ya sa yake canza masa wuri.

Dabarar ta shiga lantarki daga Amurka. A 1962 Nick Holonyak ya ƙera jar fitilar LED a kamfanin General Electric. A 1971 Hans Camenzind ya tsara ƴar na'urar da ake kira 555, kamfanin Signetics ya fito da ita kasuwa a 1972. In ka haɗa ta da rezista biyu, kapasita ɗaya, fitila da batir, kapasita zai riƙa cika yana zubewa, fitilar kuma tana ƙyaftawa. Haskenta na ɗan lokaci ne, don haka batir yake jimawa. Ɓarawon da ya hango ta a ƙofar shago da dare sai ya zaci akwai kyamara ko ƙararrawa, ya wuce.

To amma fa, tana aiki ne kawai a kan mai tsoron a gan shi. A Nuwamba 2014 mutanen Damasak suka tsallako kogi zuwa Gagamari suna gudun Boko Haram. A Fabrairu 2015 aka kai hari Boso da Difa, aka kafa dokar ta-ɓaci, aka hana hawa babur, cinikin tattasai da kifi ya durƙushe. Wanda ya zo da bindiga ba ya duba fitila.

Saboda haka, ɗan'uwa, in za ka haɗa ta, haɗa ta don ɓarawon unguwa. Ka ɓoye wayoyinta, ka riƙa canza mata wuri kamar yadda manomi ke yi, kuma kada ka bar sa kwaɗo a ƙofa.