Daga Ƙonawa Zuwa Biki: Tarihin Littattafan Labari Cikin Zane a Laburaren Jama'a na Amurka

1.0 Gabatarwa

A watan Disamba na shekarar 1948, ɗaliban wata makarantar Katolika da ke garin Binghamton a jihar New York suka tara littattafan labari cikin zane a filin makarantarsu, suka cinna musu wuta. Watanni biyu kafin nan an yi irin wannan ƙone-ƙone a garin Spencer na jihar West Virginia. Bayan shekara saba'in, wato a 2018, Ƙungiyar Laburare ta Amurka ta kafa wani zaure na musamman wanda aikinsa shi ne taimaka wa laburare su tanadi irin waɗannan littattafai, su kuma shirya bukukuwan yayata su. Wannan maƙala za ta bi diddigin yadda aka taso daga matsayi na farko zuwa na biyu, da dalilan da suka haddasa sauyin, da kuma abin da ya rage na taƙaddama. Batun ya shafi masana harshe da adabi, domin a ƙarƙashinsa akwai tsohuwar tambayar nan: wane rubutu ne ya isa a kira shi adabi, kuma wa ke da ikon yanke hukunci?

2.0 Ma'ana da Asali

Abin nufi da littafin labari cikin zane shi ne littafin da ake ba da labari a cikinsa ta hanyar jera zane-zane gida-gida, maganar taurari kuma tana cikin 'yan da'irori kusa da bakunansu. Amurkawa suna kiransa komik, kalmar da asalinta ke nufin abin ban dariya, saboda da barkwancin shafukan jaridu aka faro a ƙarshen ƙarni na 19. Japanawa suna kiran nasu manga.

A 1934 ne aka fara sayar da Famous Funnies wata-wata a wuraren sayar da jaridu, kan santi goma. A 1938 mujallar Action Comics ta fito da Superman, wanda Jerry Siegel da Joe Shuster suka ƙirƙira. Daga nan kasuwa ta buɗe, har ta kai ana sayar da miliyoyin kofe kowane wata, yawancin masu saye kuwa yara ne da matasa da sojoji. Farashin yana da muhimmanci a wannan tarihi. Yaro yana iya sayen littafinsa da kuɗin kashewarsa, ya karanta, ya yi musaya da abokinsa, ba tare da abin ya bi ta hannun iyaye ko malami ko ma'aikacin laburare ba.

3.0 Zamanin Ƙyama

A watan Mayu na 1940, Sterling North, editan shafin adabi na jaridar Chicago Daily News, ya rubuta wani sharhi mai zafi inda ya kira waɗannan littattafai abin kunya ga ƙasa. Ya siffanta su da guba, ya kuma nuna cewa makarin gubar yana laburare da kantunan littattafai na kirki. Jaridu da dama suka sake buga sharhin. Ta haka aka ɗora laburare a matsayin abokiyar gabar komik tun da farko, kuma galibin ma'aikatan sashen yara na wancan zamani sun karɓi wannan matsayi, domin an horar da su a kan cewa aikinsu shi ne ɗora yaro a kan karatu nagari.

Bayan Yaƙin Duniya na Biyu, labaran ta'addanci da na ban tsoro suka yawaita a kasuwa, suka kuma ƙara wa masu suka hujja. Faransa ta yi dokar 16 ga Yuli 1949 wadda ta kafa kwamitin sa ido kan duk abin da ake bugawa domin yara. A Amurka kuwa, Fredric Wertham, likitan masu taɓin hankali haifaffen Jamus wanda ya yi aiki da matasan unguwar Harlem, ya fitar da littafinsa Seduction of the Innocent a 1954, inda ya danganta karatun komik da kangarewar yara. A watan Afrilu na shekarar wani ƙaramin kwamitin Majalisar Dattawa ya yi zaman jin bahasi a New York. Masu ɗab'i suka ga uwar bari, suka kafa wa kansu hukumar tacewa a ƙarshen 1954. Daga cikin ƙa'idojinta akwai cewa dole alheri ya rinjayi sharri a kowane labari, kuma ba a yarda a nuna alƙali ko ɗan sanda ta hanyar da za ta jawo masa raini ba. Littafin da bai sami hatimin hukumar a bangonsa ba, da wuya dillalai su ɗauke shi. Kamfanin EC na William Gaines ya rasa kusan dukkan littattafansa, sai Mad kaɗai ta tsira, ita ma don an mayar da ita mujalla a 1955.

Sakamakon tacewar shi ne komik ya ƙara zama abin yara zalla, wanda hakan ya tabbatar da zargin masu cewa ba shi da nauyin adabi. Sai dai akwai wani dalili na aiki da ya hana shi shiga laburare, wanda ba a cika ambatonsa ba. Littafin komik na lokacin 'yan shafuka ne a kan takardar jarida mai arha, an maƙale su da 'yar waya. Ba ya tsayuwa a kanta, ba shi da kauri a gefe inda za a manna lamba, kuma aro kaɗan zai yi ya yage. Bugu da ƙari, mujallun da laburare ke dogara da sharhinsu wajen zaɓen abin saye ba sa kula shi. Laburaren jami'o'i na cikin waɗanda suka fara adana shi domin nazari: Jami'ar Jihar Michigan tun daga 1970, Jami'ar Jihar Ohio kuma daga 1977, lokacin da mai zane Milton Caniff ya ba ta ayyukansa.

4.0 Sabon Suna da Sabuwar Siga

A 1978 Will Eisner ya fitar da A Contract with God, labarai huɗu a kan rayuwar talakawan wani gidan haya a unguwar Bronx. A bangon littafin ya yi amfani da wani suna wanda ma'anarsa ita ce ƙagaggen labari mai zane. Ba shi ya ƙago sunan ba, domin Richard Kyle ya yi amfani da shi tun 1964, amma littafin Eisner ya taimaka wajen yaɗa shi. Sunan ya raba abin da barkwanci, ya jingina shi da ƙagaggen labari, wanda tuni yake da mazauni a kantar laburare. Sigar ma ta canza: littafi mai kauri, ɗaurarre, mai farko da ƙarshe, mai lambar shaida ta littattafai, wanda dillalan da laburare ke hulɗa da su za su iya kawowa.

Littafin da ya fi kowanne tasiri a nan shi ne Maus na Art Spiegelman, wanda kashinsa na farko ya fito a 1986, na biyu a 1991. Labarin mahaifin marubucin ne, Bayahuden Poland da ya tsira daga sansanin Auschwitz, an zana Yahudawa a siffar ɓeraye, Jamusawa a siffar kyanwoyi. Da jaridar New York Times ta sa kashi na biyu a jerin ƙagaggun labarai, sai Spiegelman ya rubuta mata wasiƙar ƙorafi cewa abin da ya zana tarihi ne da ya faru, jaridar kuma ta mayar da shi jerin labaran gaskiya. A 1992 littafin ya sami lambar yabo ta musamman ta Pulitzer.

Wannan ruɗani na rabe-rabe ya bi littattafan har cikin laburare. A tsarin Dewey, lambar 741.5 ce mazauninsu, wato ƙarƙashin fasahar zane, nesa da rukunin 800 na adabi. Ke nan tarihin rayuwa da labarin yaƙi da tatsuniyar yara duk sukan taru a wuri guda, don kawai an zana su. Saboda haka laburare da yawa suka ware musu kanta ta daban, suka kasa ta uku: ta yara, ta matasa, ta manya.

5.0 Zamanin Bukukuwa

Shekarar 2002 ce mahaɗar al'amura. A watan Yuni reshen Ƙungiyar Laburare mai kula da matasa ya shirya taron yini guda a Atlanta kan waɗannan littattafai, inda masu zane irin su Spiegelman da Jeff Smith suka yi wa ma'aikatan laburare jawabi. A watan Oktoba kuma aka sa su jigon Makon Karatun Matasa na ƙasa. A ranar 4 ga Mayu ta wannan shekara aka yi Ranar Komik Kyauta ta farko, shawarar da wani mai kanti a California, Joe Field, ya kawo. Da kantuna aka fara, amma laburare suka shigo ciki, har Asabar ta farko a watan Mayu ta zama ranar da da yawansu ke raba littattafai kyauta. A daidai wannan lokaci fassarar manga ta cika kasuwa, ana buga ta yadda ake karantawa daga dama zuwa hagu kamar a Japan, ta kuma jawo 'yan mata masu yawa waɗanda komik ɗin jarumai bai taɓa jan hankalinsu ba.

Lambobin yabo suka biyo baya. A 2007 aka fara fitar da jerin shekara-shekara na zaɓaɓɓun littattafan zane domin matasa, kuma a shekarar American Born Chinese na Gene Luen Yang ya ci lambar Printz. A 2016 kashi na uku na March, tarihin gwagwarmayar ɗan majalisa John Lewis domin 'yancin baƙar fata, ya ci Lambar Littafi ta Ƙasa a rukunin matasa. A 2020 New Kid na Jerry Craft ya zama littafin zane na farko da ya ci lambar Newbery, wadda sashen yara na ƙungiyar ke bayarwa tun 1922. Ita kuwa hukumar tacewa ta 1954, ta mutu a 2011 bayan manyan kamfanoni sun janye daga cikinta.

Shirye-shiryen da laburare ke yi sun haɗa da ƙungiyoyin masu karatun manga, da ajin koyon zane da tsara labari, da gayyato marubuta, da ƙananan bukukuwa inda yara ke shigar taurarin da suke so. Ɗaya daga cikin manyan irin waɗannan shi ne Bikin Fasahar Komik na Toronto a Kanada, wanda aka kafa a 2003, kuma daga 2009 ya shafe shekaru ana yinsa a babban laburaren birnin, shiga kyauta.

6.0 Hujjar Masu Nazarin Harshe

Ma'aikatan laburare sun dogara da abu biyu wajen kare wannan sauyi. Na farko yawan aro, domin laburaren jama'a da kuɗin haraji take tafiya, kuma ƙididdigar masu aro na cikin abin da take nunawa idan za a yi kasafi. Na biyu binciken masana. Nazarin Donald Hayes da Margaret Ahrens na 1988 ya nuna cewa a cikin kowace kalma dubu, komik na ɗauke da kalmomin da ba a cika amfani da su ba kimanin 53, alhali littattafan yara na da kimanin 31. Stephen Krashen, a littafinsa The Power of Reading na 1993, ya kafa hujja cewa karatun nishaɗi wanda yaro ya zaɓa da kansa yana gina kalmomi da nahawu, kuma komik kan zama tsani zuwa wasu littattafai. Haka kuma, bayan an buɗe takardun Wertham ga masu bincike a Laburaren Majalisar Dokoki a 2010, Carol Tilley ta Jami'ar Illinois ta nuna a 2012 cewa ya sauya shekarun wasu yaran da ya ambata, ya kuma gauraya ko ya datse maganganunsu domin su dace da ra'ayinsa.

7.0 Da Sauran Rina a Kaba

Shigar littattafan laburare ta zo da tata rigimar, domin abin da aka zana ido na ganinsa nan take, ko da ba a karanta ba. A 2006 laburaren garin Marshall a jihar Missouri ta janye Fun Home da Blankets bayan ƙorafin wasu mazauna garin kan hotunan tsiraici, ta mayar da su a 2007 bayan ta tsara ƙa'idar zaɓen littattafai. A 2007 laburaren Brooklyn ta ɗauke littafin Tintin na Kwango daga kanta zuwa ɗakin da sai da izini ake shiga, saboda yadda ya zana 'yan Afirka cikin wulaƙanci. A Janairun 2022 hukumar ilimi ta gundumar McMinn a jihar Tennessee ta cire Maus daga manhajar aji takwas saboda wasu kalmomin ashar da wani zane, abin da ya sa cinikin littafin ya ƙaru ƙwarai. A ƙididdigar Ƙungiyar Laburare, littafin da aka fi neman a cire a 2021 da 2022 da 2023 shi ne Gender Queer, wanda shi ma na zane ne, kuma yana magana a kan jinsi da jima'i. Waɗannan misalai sun nuna cewa ƙorafin ya bar kan sigar littafin ya koma kan abin da ke ciki da kuma shekarun mai karatu.

8.0 Kammalawa

Wannan maƙala ta nuna cewa abubuwa huɗu ne suka haɗu suka shigar da labari cikin zane laburaren jama'a ta Amurka: sabon suna, sabuwar sigar ɗab'i, lambobin yabo, da yawan masu aro. Masu karatu sun riga hukumomi karɓarsa da fiye da shekara hamsin, kuma asarar wannan jinkiri ita ce littattafan farko da dama sun salwanta kafin a fara adana su. Masu nazarin Hausa za su ga kama tsakanin wannan tarihi da muhawarar da aka tafka a shekarun 1990 kan littattafan da aka laƙaba wa suna adabin kasuwar Kano, waɗanda su ma masu arha ne, matasa da mata suka fi karanta su, aka kuma zarge su da ɓata tarbiyya. Ko wane ɓangare mai nazari ya ɗauka a irin wannan muhawara, yana buƙatar littattafan a ajiye kafin ya iya yanke musu hukunci, kuma ajiyar nan aikin laburare ne.