FASHIN BAƘI: Hare-hare kan tsofaffi a Arewacin Najeriya da hanyoyin tsare gidajensu

Da yammacin ranar 1 ga Mayun 2019, jim kaɗan bayan sallar magariba, wasu mutane ɗauke da bindigogi suka dira a ƙofar gidan Magajin Garin Daura, Alhaji Musa Umar Uba, suka yi awon gaba da shi. Ya shafe wata biyu a hannunsu kafin jami'an tsaro su kuɓutar da shi a Kano a farkon watan Yuli. A watan Yulin 2021 aka kutsa cikin dare gidan Sarkin Kajuru, Alhaji Alhassan Adamu, mai shekara 85, aka tafi da shi da wasu iyalansa. A Nuwambar shekarar aka harbe Muhammad Maisaka, babban jami'in sojan sama mai ritaya, a gidansa da ke Rigasa a Kaduna. A Fabrairun 2025 kuma 'yan bindiga suka ɗauke tsohon shugaban hukumar yi wa ƙasa hidima, Birgediya Janar Maharazu Tsiga mai ritaya, daga gidansa na Tsiga a Ƙaramar Hukumar Bakori, bai dawo ba sai a watan Afrilu.

Waɗannan sunaye ne da jaridu suka ɗauka saboda matsayin masu su. A bayansu akwai tsofaffin manoma, 'yan fansho da zawarawa da aka yi wa irin wannan aika-aika, labarinsu bai wuce unguwa ba. Abin da ya haɗa su duka shi ne wurin da abin ya faru: gida, inda mutum ya fi sakin jiki.

Girman matsalar

Majalisar Ɗinkin Duniya tana ɗaukar wanda ya kai shekara 60 a matsayin tsoho. A Najeriya irin waɗannan mutane kusan kashi 5 cikin 100 ne na al'umma, wato miliyoyin mutane. Hukumar Lafiya ta Duniya, bisa wani nazari na 2017 da ya tattara bincike 52 daga ƙasashe 28, ta ƙiyasta cewa kusan mutum ɗaya cikin shida na tsofaffin da ke zaune cikin jama'a ya fuskanci wani nau'in cin zarafi a cikin shekara guda. Muzgunawa da baki da tsoratarwa ne kan gaba da kashi 11.6, sai cinye dukiya da kashi 6.8, sakaci da kulawa kashi 4.2, duka da raunatawa kashi 2.6. Hukumar ta kuma nuna cewa mafi yawan irin waɗannan laifuka ba sa isa gaban hukuma, domin wanda aka zalunta kan ji tsoro ko kunya, ko kuma ya kasance abincinsa da maganinsa suna hannun wanda ya zalunce shi. Saboda haka ne Babban Zauren Majalisar ya keɓe ranar 15 ga Yuni ta kowace shekara domin wayar da kai kan cin zarafin tsofaffi.

Nau'o'in hare-haren

Na farko shi ne garkuwa domin kuɗin fansa. A nan ba dukiyar tsohon ake hari ba, aljihun 'ya'yansa ake nema. Maharan sun san ɗa zai sayar da gona da gida kafin ya bar mahaifiyarsa a daji. Haka aka ɗauke surukar Gwamnan Katsina na lokacin, Aminu Bello Masari, daga gidanta a birnin Katsina a watan Maris na 2019, aka kuma ɗauke mahaifiyar mawaƙi Dauda Kahutu Rarara daga gidanta a Ƙaramar Hukumar Danja a watan Yunin 2024. A Kudu ma an yi garkuwa da mahaifiyar Ngozi Okonjo-Iweala a Disambar 2012, lokacin tana ministar kuɗi. Zaman daji ya fi yi wa tsoho illa fiye da kowa: tafiyar ƙafa mai nisa, kwana a ƙasa, da yankewar maganin hawan jini ko na ciwon suga kan iya kashe shi ko da ba a harbe shi ba. Sarkin Gobir na Gatawa, Alhaji Isa Muhammad Bawa, wanda aka tare a hanya a Jihar Sakkwato, ya rasa ransa a hannun masu garkuwa a watan Agustan 2024.

Na biyu shi ne fashi da fasa gida, wanda ya fi yawa a birane, inda ɓata-gari ke hawa katanga neman kuɗi, waya, gwal ko babur. Sau da yawa sata ce ke rikiɗewa ta zama kisa a lokacin da mai gida ya farka ya gane fuskar ɓarawon.

Na uku shi ne wanda ake rufewa: cutarwa daga cikin gida. Akwai ɗa ko jika da shaye-shaye ya ci ƙarfinsa yana dukan tsoho domin kuɗi, akwai dangin da ke matsa masa ya sa hannu a takardar fili, akwai mai aikin da ke riƙe da katin cirar kuɗinsa.

Na huɗu shi ne zargin maita, wanda ya fi faɗawa kan tsofaffin mata marasa galihu, musamman masu larurar mantuwa da ke fita su ɓata ko su yi maganar da ba a fahimta. A watan Yulin 2020 aka kashe wata tsohuwa mai shekara 90 da duka a bainar jama'a a Kafaba da ke arewacin Gana. Majalisar dokokin ƙasar ta amince da ƙudurin haramta zargin maita a 2023, amma Shugaba Akufo-Addo bai sa masa hannu ba. A Najeriya dokokin laifuka na Arewa da na Kudu duk sun ɗauki jifan mutum da maita a matsayin laifi.

Abin da ya sa ake harinsu

Raunin jiki dalili ne, amma ba shi kaɗai ba. Tsoho mutum ne mai tsayayyar al'ada: lokacin fitarsa asuba sananne ne, wurin zamansa bayan la'asar sananne ne, ranar da yake zuwa banki ko kasuwa ba ɓoyayya ba ce. Da yawa daga cikinsu sun fi amincewa da ajiye kuɗi a ɗaka, abin da canjin takardun naira na 2022 zuwa 2023 ya fito da shi fili. Ƙaura ma ta taka rawa, domin samarin da a da suke kwana a zaure sun tafi birni ko ci-rani, sun bar manyan gidaje da tsoho da tsohuwa da ƙananan jikoki.

Sai kuma batun masu kai rahoto. Jami'an tsaro a Zamfara, Katsina da Kaduna sun sha kama mutanen gari da ke sanar da 'yan bindiga wanda ya sayar da shanu, wanda ɗansa ya zo hutu, da ɗakin da mai gida ke kwana. Da ɗan gari akan ci gari, kuma kusan duk wani shiri na tsaron gida daga nan ya kamata ya fara.

Tsare ginin gida

Tsarin gidan Bahaushe na gargajiya yana da hikimar tsaro a cikinsa: ƙofa ɗaya ta zaure, shigifa a tsakani, sannan cikin gida. Abin da ke lalata wannan tsari shi ne ƙofar baya da aka manta da ita, katangar da ruwa ya zaizaye, da tarin bulo ko reshen bishiya da ya zame wa ɓarawo tsani. Gyaran waɗannan ya fi sayen kowace na'ura muhimmanci.

Ƙarfin ƙyaure yana ga madogararsa da sakatarsa, don haka ƙofar ƙarfe da aka kafa a ruɓaɓɓen bango ba ta da amfani. Sakata biyu daga ciki, sama da ƙasa, sun fi babban kwaɗo a waje, wanda ke shaida wa mai wucewa cewa ba kowa a gidan. Yana da kyau a huda ƙaramar kafa a ƙofa domin a ga mai sallama kafin a buɗe. Idan an sa wa tagogi ƙarfe, a bar guda ɗaya mai buɗuwa daga ciki, a rataye makullinta inda tsoho zai iya kai hannu, saboda gidan da aka rufe ruf kan zama tarko ranar gobara.

Haske da ƙara su ne abin da mahari ya fi ƙi. Fitila mai aiki da hasken rana a ƙofar gida, a lungu da bayan katanga ba ta jiran wutar lantarki. Kare, ko ma zabi da dinya, sukan tayar da gida kafin baƙo ya sauko. A gefen gadon tsoho a riƙa ajiye tocila, usur da waya mai caji, wadda aka jera lambobin mutum uku na kusa a farkonta, tare da lambar gaggawa ta ƙasa, 112, da ta ofishin 'yan sanda mafi kusa. Ɗakin kwanansa ya kasance mai sakata ta ciki, kusa da na wani babba, ba a keɓe can ƙuryar gida ba.

Tsare sirrin gida

Duk wanda zai yi aiki a gidan tsoho, mai gadi ne, direba ko mai aikin gida, ya dace a san asalinsa, a sami wanda ya tsaya masa, a kuma gabatar da shi ga mai unguwa. Masu gyaran wuta ko famfo su zo lokacin da wani babba yake nan. Idan makulli ya ɓata ko ma'aikaci ya bar aiki, a canja kwaɗo a ranar.

Kuɗi mai yawa kada ya kwana a gida. Cinikin hatsi, dabba ko fili ya fi aminci ta banki, a kuma taƙaita waɗanda suka san da shi. Lambar sirrin katin banki ba ta wuce mai ita da amintacce guda, kuma babu bankin da ke kira ya tambaye ta. Takardun gida da na gona a yi musu kwafi a ajiye wurin lauya ko wani amintacce. Rubuta wasiyya da bayyana dukiya gaban shaidu yana rage rigimar da kan kai ga cutar da tsoho tun yana raye.

A nan matasa ke da babban alhaki. Hoton sabon gidan da aka gina wa iyaye, bidiyon motar da aka saya musu, ko sanarwar ranar da za a je gaishe su a Facebook da TikTok, duk bayanai ne da ke isa ga wanda ba a nufa ba. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Ba a cewa tsoho ya daina zuwa masallaci ko ya bar majalisarsa, domin kaɗaici ma cuta ne. Abin da ya dace shi ne ya fita asuba da isha'i cikin rakiya, a kuma ƙulla yarjejeniya da maƙwabta: wanda ba a gani a sahu ba a leƙa shi, wanda aka ji usur daga gidansa a taru a kuma kira hukuma. A ƙauyukan da hare-hare suka yi ƙamari, mayar da tsoho gari na ɗan lokaci mataki ne mai ɗaci, amma ya ceci rayuka.

Idan maharan sun riga sun shigo

Shawarar da masana tsaro suka fi bayarwa ita ce kada a yi kokawa da mai makami saboda dukiya. A ba da abin da aka nema, a guji ƙura wa mahari ido ko kiran sunansa ko da an gane shi. Idan za a tafi da tsoho, a roƙa a bar shi ya ɗauki maganinsa. Bayan sun tafi, a bar wurin yadda yake har 'yan sanda su zo, a kuma toshe layin waya da asusun banki nan take. Dokar 2017 kan kula da waɗanda aka harba ta wajabta wa kowane asibiti, na gwamnati ko mai zaman kansa, ya karɓi mai raunin bindiga ba tare da jiran takardar 'yan sanda ba.

Abin da doka ta tanada

Sashe na 14(2)(b) na Kundin Tsarin Mulkin 1999 ya ce tsaro da walwalar jama'a su ne babban dalilin kafa gwamnati, sashe na 16(2)(d) kuma ya ambaci kula da tsofaffi da biyan fansho. Sai dai sassan biyu suna cikin Babi na Biyu, wanda ba a iya kai gwamnati kotu kai-tsaye a kansa. Doka ta amince mutum ya kare ransa da dukiyarsa gwargwadon barazanar da ya fuskanta, amma mallakar bindiga ba tare da lasisi ba laifi ne.

Dokar hana cin zarafin mutane ta 2015 ta tanadi hukunci kan duka, tsoratarwa, korar miji ko mata daga muhallinsu da yasar da wanda ke ƙarƙashin kulawa, ta kuma ba kotu ikon nisanta mai cutarwa daga wanda yake cutarwa. Tana aiki kai-tsaye a Abuja, a jihohi kuwa sai wadda majalisarta ta amince da ita. Akwai kuma Cibiyar Kula da Manyan 'Yan Ƙasa, wadda Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu kan dokar kafa ta a farkon 2018, ta fara aiki a 2021, shekarar da Majalisar Zartarwa ta amince da manufar ƙasa kan tsufa. Wanda ba shi da halin ɗaukar lauya yana iya kai kuka ga Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan'adam ta Ƙasa ko Hukumar Ba da Agajin Shari'a.

Inda ƙarfin sakata ya ƙare

Duk matakan da aka zayyana suna rage haɗarin ɓarawo da ɗan fashi. Ba za su tsayar da ayarin babura ɗauke da manyan bindigogi ba, kuma gidajen Kajuru da Tsiga sun shaida hakan. Wannan aikin hukuma ne. Katsina ta ƙaddamar da rundunar tsaron al'umma a Oktoban 2023, Zamfara ta bi da Askarawa a Janairun 2024, Dokar 'Yan Sanda ta 2020 kuma ta tanadi kwamitocin haɗin gwiwa tsakanin 'yan sanda da jama'a.

Tambayoyin da suka rage ga masu zaɓe a bayyane suke: nawa aka ware wa waɗannan rundunoni a kasafin kuɗi, nawa aka saki, mutum nawa aka gurfanar cikin masu kai rahoton da aka kama, wace jiha ce ke biyan fansho a kan kari, wane ƙauye ne har yau ba shi da layin wayar da zai kira 112. Tsofaffi ƙalilan ne a rumfar zaɓe, kuma ba su ne ke jan zance a kafafen sada zumunta ba. Idan 'ya'yansu da jikokinsu ba su ɗora waɗannan tambayoyi a gaban 'yan takara ba, babu wanda zai ɗora su.