ZARE: Me ya sa motar tsere take karkacewa da an taka mata wuta?

1/ Jiya da daddare mun kusa raba dare a ɗaki muna musu kan wani bidiyo. Mota biyu a layi, fitila ta kawo kore, ɗaya ta ɗaga hanci, maimakon ta miƙe sai ta yi dama, saura ƙiris ta daki bango. Abokina ya ce direban ne bai iya ba. Na ce masa wannan matsalar ta girmi direban da kakansa. Ku biyo ni 🧵

2/ Tseren da nake magana shi ne wanda Amurkawa ke kira dirag: mota biyu, miƙaƙƙen titi, daga tsaye, rubu'in mil, wato mita 402. Ba kwana, ba zagaye. Za ka ce ai tuƙin ba wuya. To wallahi rabin tarihin wasan nan kokawa ce da motar da ta ƙi tafiya a miƙe.

3/ Asalinsa Kalifoniya. Tun shekarun 1930 samari ke gwada motocinsu a busassun tafkuna irin su Muroc, da kuma kan titunan gari cikin dare. A 1950 C.J. Hart ya buɗe filin tsere a filin jirgin Santa Ana. A 1951 Wally Parks ya kafa ƙungiyar NHRA don a kwashe yaran daga titi. Ku riƙe wannan, za mu dawo kansa.

4/ Kafin mu ci gaba, ga ƙa'ida ɗaya. Ka taɓa tura kurar 'yan ga-ruwa? In hannunka na hagu ya fi dannawa, kurar dama za ta yi. Haka motar dirag. A sakan na farko ba sitiyari ke tuƙa ta ba, tayoyin baya ne. Wani lokacin ma tayoyin gaba suna sama, sitiyarin hoto ne kawai.

5/ To me zai sa taya ɗaya ta fi ɗaya turawa? Injin kansa. Injin yana juya farfela, farfela ta juya giyar da ke cikin aksul ɗin baya. Amma ba giyar kaɗai take juyawa ba, tana ƙoƙarin murɗe aksul ɗin gaba ɗayansa: ta danna tayar hagu ƙasa, ta ɗage ta dama.

6/ Jikin motar kuma ya murɗe ta ɗaya ɓangaren. Wannan dokar Newton ce ta uku da muka haddace a sakandare: ka tura abu, shi ma ya tura ka. Shi ya sa a hotunan tseren za ku ga tayar gaba ta hagu ce ke fara barin ƙasa. Ku koma ku duba, za ku ce na faɗa.

7/ Motocin farko ba su cika karkacewa ba, don wata matsalar ta rufe wannan. Giyar aksul ta gama-gari tana barin tayar da ba ta da riƙo ta yi ta juyawa ita kaɗai. Sai tayar dama ta yi ta hayaƙi, ta bar baƙin layi ɗaya a kwalta, ƙarfin ya tafi a banza.

8/ Sai aka nemo magani. Packard ta fito da aksul mai rage wannan sulɓin a 1956, Chevrolet ta biyo da nata mai suna Positraction a 1957. 'Yan tsere ma suka wuce nan, suka kulle tayoyin biyu su riƙa juyawa tare kamar ƙarfe ɗaya. A shekarun nan ne kuma kamfanin M&H ya fara yin taya sumul, marar zane, ta dirag zalla.

9/ An gudu ba a tsira ba. Yanzu tayoyin biyu duk suna turawa, amma ta hagu ce aka danne, ita ta fi kama ƙasa. Tuna kurar ruwa. Hagu ta fi ƙarfi, mota ta yi dama. Har gobe wannan ne dalili na farko da ake zargi in mota mai jan baya ta yi dama a tashi.

10/ A shekarun 1960 kamfanonin Ditiroit da kansu suka shiga tseren, kuma maganinsu mai sauƙi ne: a ƙara wa tayar dama nauyi tun kafin a tashi. Chrysler ta yi sifirin na baya wanda na dama ya fi na hagu tauri. Ana cire batir daga gaba a kai shi but, yawanci gefen dama. Ford Thunderbolt ta 1964 da ƙaton batir a but ta fito.

11/ Wasu kuma suka riƙa cusa jakar iska cikin sifirin ɗin dama suna hura ta. Daga baya aka zo da sandunan ƙarfe masu riƙe aksul da ake iya ƙara musu tsawo ko a rage, da wani sanda mai hana jikin mota kwanciya gefe. Amma fa in ka zarce da nauyin dama, sai ta koma yin hagu. Abin awo ne, ba ƙarfi ba.

12/ Wanda ya fi kowa suna a tafiyar karkace shi ne Willie Borsch da motarsa Winged Express. Mota gajeriya, injin kamar na aljanu. Mutumin nan da hannu ɗaya yake tuƙi, ɗayan yana riƙe da gefen motar, ita kuma tana tafe a kaikaice. 'Yan kallo suna ihu, amma injiniyoyi darasi suka ɗauka: gajeriyar mota ta fi saurin juyewa.

13/ Shi ya sa motocin suka yi ta tsawo. Manyan na yau, ajin Top Fuel, tazarar tayar gaba da ta baya tana kaiwa inci 300, sama da mita 7 da rabi. Dogon jiki yana ba direba lokacin gyara kafin baya ya wuce gaba.

14/ Ga dalili na biyu da ya daɗe yana rikita mutane: girman taya. Tayoyin dirag masu laushi ne, gefensu har yamutsewa yake a tashi, na manyan motoci iskarsu ba ta kai 10 a geji ba, alhali ta Corolla ɗinka ta haura 30. Taya biyu lamba ɗaya, kamfani ɗaya, amma kewayensu ya bambanta.

15/ Ɗauki kofin shayi mai faɗin baki ka mirgina shi a ƙasa. Ba zai miƙe ba, ɓangaren gindinsa zai lanƙwasa. Haka taya biyu da aka kulle tare: babbar tana cin ƙasa fiye da ƙaramar a kowane juyi, mota ta bi ƙaramar. Don haka suke auna kewayen da tef, in akwai 'yar babba a sa ta dama.

16/ Sai labarin Don Garlits. Ranar 8 ga Maris 1970, a filin Lions da ke Kalifoniya, giyar motarsa ta fashe a tashi, ta raba motar biyu, ta yanke masa wani sashe na ƙafar dama. Lokacin direba a bayan injin yake zama. Yana kwance a asibiti ya ƙudura mayar da injin bayan direba.

17/ Wasu sun gwada hakan kafin shi, motocin suna ƙwacewa. Tasa ma da farko ta ƙi miƙewa. Ashe ba aksul ba ne, ba taya ba ce: sitiyarin ne ya yi saurin amsawa, direban da ya koma gaba yana ɗan gyarawa sai ya zarce. Da aka rage saurin sitiyarin ta miƙe, ya ci gasar Winternationals a Pomona a 1971. Cikin 'yan shekaru kowa ya koma tsarinsa.

18/ To yau in mota ta karkace, ga yadda masu abin suke bi, kuma tarihin nan ne a taƙaice:
- A ɗauki bidiyo daga baya, a duba layukan da tayoyin suka bari
- A daidaita iska, a auna kewaye
- A sauya tayoyin baya, hagu ta koma dama. In jan ya juya, taya ce
- A auna ko aksul ya zauna daidai da jikin mota

19/ Sai kuma:
- A ɗora kowace taya kan sikeli, direba yana ciki
- A duba ko birkin gaba ɗaya yana riƙewa
- A gwada ɗaya layin, don wani gefen ya fi wani danƙo
Lokacin jan ma shaida ne. Nan take a tashi: nauyin tayoyin baya. Lokacin da hanci ya sauko: saitin gaba. Kuma abu ɗaya ake taɓawa a kowane gwaji.

20/ Wani zai ce ai motocinmu da gaba suke ja. Gaskiya, kuma nasu ciwon daban. Tsarin kwantar da injin a gicciye da giya a gefensa, wanda Fiat 128 ta 1969 ta yaɗa, yana sa shaf ɗin gefe ɗaya ya fi ɗaya tsawo. In ka taka totur da ƙarfi ka ji sitiyari yana fisgar hannunka, sau da yawa wannan ne. Ko bushin ya mutu, ko iskar taya ba ɗaya ba.

21/ Mu koma na 3. Mutanen nan suna da bango, da motar asibiti, da kwaltar da aka fesa wa danƙo, da shekara sama da 70 na gwaji. Duk da haka Scott Kalitta ya mutu a fili a 2008, har aka rage wa manyan motoci tazara zuwa ƙafa 1,000, kusan mita 305.

22/ Kai kuma kana wasan mota a rakiyar amarya, da taya 'yar gwanjo da mai faci ya hura da ido, yara a tsaye bakin titi. In motar ta ƙwace, ba bango za ta daka ba, ɗan wani ne. Amurkawan da suka ƙirƙiro abin tun 1951 suka gane titi ba wurinsa ba ne.

23/ Abokin nawa dai har yanzu bai sallama ba, wai duk da haka da direban ya ɗaga ƙafa da wuri. A nan kam na ba shi gaskiya. Wanda ya san bakaniken da zai ƙara mana bayani ya kira shi ƙarƙashin zaren nan. Allah ya kiyaye hanya.