Tsarin Cikin Mota Mai Tuƙa Kanta da Bukatun Naƙasassu

Mota mai tuƙa kanta ita ce wadda kwamfuta ke sarrafawa da taimakon kyamarori da na'urorin auna tazara, ba tare da direba ba. Kamfanin Waymo ya buɗe wa jama'a irin wannan jigila a birnin Phoenix na Amurka a shekarar 2020, kamfanin Baidu kuma yana gudanar da tasa a birnin Wuhan na ƙasar Sin.

Rashin direba ya sauya fasalin cikin mota. Motar Zoox, mallakar kamfanin Amazon, ba ta da sitiyari. Fasinjoji huɗu ne ke zama suna fuskantar juna. Sai dai aikin direba bai tsaya a tuƙi ba. A tashar garin Paiko, hedikwatar ƙaramar hukumar Paikoro da ke kan hanyar Minna zuwa Suleja a Jihar Neja, kamar sauran tashoshin ƙasar nan, direba da yaron mota ne ke kama hannun tsoho ya hau, su ɗora keken gurgu, su faɗa wa makaho an iso inda zai sauka. Idan babu su, dole motar ce za ta yi waɗannan ayyuka.

Saboda haka masu zayyana ke ba da muhimmanci ga ƙofa mai faɗi, da daɓe shimfiɗaɗɗe kusa da ƙasa, da gangara mai fitowa da kanta domin keken guragu. Mafi wuya shi ne ɗaure keken yadda ba zai gusa ba idan an taka birki, aikin da har yanzu mutum ne ke yin sa a mafi yawan motoci. Makaho yana bukatar sanarwa da murya da maɓallai masu tabbatuwa ga yatsa, kurma kuma rubutu da alamu a allo. A shekarar 2020 Ma'aikatar Sufuri ta Amurka ta buɗe gasa kan wannan fanni, Jami'ar Purdue ta zo ta ɗaya a 2022.

Jin daɗin zama ma yana da sharuɗɗa. Wanda ya juya wa hanya baya ko ya duƙufa kan waya ya fi saurin jin jiri da tashin zuciya, domin abin da ido ke gani ya saɓa wa motsin da jiki ke ji. Manyan tagogi da wadatacciyar iska suna rage hakan.

Waɗannan motoci ba su fara jigila a Najeriya ba, amma ƙa'idar tana cikin doka. Dokar haramta nuna wariya ga naƙasassu, wadda Shugaba Muhammadu Buhari ya sanya wa hannu a watan Janairun 2019, ta ba da wa'adin shekara 5 a gyara gine-gine da motocin jama'a yadda naƙasassu za su iya amfani da su. Wa'adin ya cika a Janairun 2024, kuma ya shafi bas ɗin da ke lodi a Paiko a yau.