Daga Ijaza Zuwa Kwamfuta: Yadda Ake Auna Mai Koyon Malanta

Kafin zuwan boko, malamin zaure ba ya sallamar ɗalibi ya je ya karantar sai ya shekara da shekaru yana sauraron karatunsa, sannan ya ba shi ijaza. Kwalejin Katsina ma, wadda Gwamna Hugh Clifford ya buɗe a 1922 don horar da malamai, ba ta yi nisa da wannan ba. Ɗalibai kaɗan ne, a makaranta suke kwana, malamansu sun san kowa ciki da bai. Can Ahmadu Bello da Abubakar Tafawa Ɓalewa suka yi karatu.

Zamanin takardar malanta mai daraja ta biyu, awon kashi biyu ne: jarrabawar ƙarshe da gwajin koyarwa. Na biyun shi ne mai sa zufa. Ɗalibi zai raba dare yana rubuta tsarin darasi, ya zana taswira a kwali. Da safe mai duba ya shigo ya zauna a bencin baya da biro a hannu, yana lura da rubutun allo, da yadda ake jefa wa yara tambaya, da ko muryar tana kaiwa ƙarshen aji. Wanda ya faɗi darasi ɗaya ko biyu a jarrabawa kuwa sai ya koma ya sake, wasu har suka tsufa a aji ba su cike ba.

Yawan jama'a ne ya canja lissafi. Rahoton kwamitin Ashby kan ilimi na 1960 ya share fagen manyan kwalejojin malamai, irin ta Zariya da aka buɗe a 1962, da takardar shaidar malanta ta ƙasa, NCE. Shirin ilimin firamare ga kowa, UPE, na 1976 ya cika azuzuwa maƙil, aka kafa Cibiyar Malamai ta Ƙasa a Kaduna don horar da malamai suna bakin aiki. Manufar ilimi ta 1977 ta kawo awon yau da kullum, don kada rana ɗaya ta yanke wa ɗalibi hukunci. Hukumar NCCE, wadda aka kafa a 1989, ta daidaita ma'auni a kwalejojin ilimi: maki 40 na aikin zango, 60 na jarrabawa. Tsari ne mai kyau a takarda. Amma malamin da ke da ɗaruruwan ɗalibai, yaushe zai san wanda ya yi aikin gida da wanda ya kwafa?

A 2017 hukumar rajistar malamai, TRCN, ta fara jarrabawar cancanta a kwamfuta, wadda ba ta ganin tsayuwar mutum gaban allo. A shekarar ce kuma gwamnatin Kaduna ta yi wa malaman firamare gwaji da tambayoyin 'yan aji huɗu, ta ce 21,780 ba su kai maki 75 cikin ɗari ba. Ƙungiyar malamai ta NUT ta ce ba ta yarda ba, TRCN kaɗai ke da hurumin auna malami, ta tafi yajin aiki a farkon 2018.